Tarago Mai Sulke da Waldar Hannuna

Ranar Talata ce, ranar kasuwar Tudun Aduwa. Ƙarfe shida na dawo daga masallaci na tarar matata Dije ta ɗora ruwan kunu. Cikinta wata bakwai, sunkuyawa ta gagare ta, sai ta kifa turmi ta zauna tana iza wuta da ƙafa. Rabi, 'yarmu mai shekara tara, tana tsince busasshen tattasai a tabarma tana atishawa. Lekol, makarantarsu, a rufe take tun da malamai suka gudu. Na sha kunu a tsaye. Ƙarfe bakwai na buɗe rumfata ta walda a bakin kasuwa, na tada injin wuta, na kama gyaran ƙafar amalanken wani manomi.

Sunana Isuhu. Mutumin Damagaram ne ni, aiki ya kai ni gabas, bakin kogi. Yanzu ina Lyon, a Faransa. Abu biyu suka sa nake wannan rubutu. Na ɗaya wani tsohon taragon yaƙi na Jamus da aka ba ni gyara. Na biyu wani mutum, Alhaji Garba, wanda har yau nake son in gan shi kwance. Zan faɗi komai a jere, har da wanda ba ya yi mini daɗi.

Wata uku kafin ranar nan Alhaji Garba ya kira ni gidansa. Dillalin bandar kifi ne, kowa ya san shi, sahun gaba yake sallah. Ya nuna mini wata mota kat-kat sabuwa fil a bayan katanga, da fallayen ƙarfe masu kauri a jingine. Ya ce 'yan fashi sun dame shi a hanya, yana son a yi wa motar sulke. Na yi awo. Ya ce a rufe gilashin gaba, a bar tsaga kamar faɗin yatsa uku. Ya ce a kafa zoben ƙarfe mai juyawa a baya, wai na ɗora tankin ruwa. Tankin ruwa ba ya juyawa. Na sani. Ba zan yi muku ƙarya ba, tun a ranar na sani, na yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na yi aikin. Malam Ado, wanda ya koya mini walda, da guduma yake duba aikin mutum. Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. In ƙarar ba ta yi masa ba, sai ka yanke ka sake, ko da kwana uku ka yi a kai. Sau uku yake sa mu bi kowane haɗi: na gindi, na ciko, na rufi. Haka hannuna ya tashi. Kwana goma sha tara na yi a kan motar nan. Na karkata fallayen don abin da ya buga ya zame. Da na gama na ja baya na dube ta, na ji daɗi a raina. Tir da ni.

Ƙarfe tara da minti arba'in na ji ƙarar babura daga kudu. Da yawa, a tare. Na kashe injin don in ji sosai. Kasuwa ta yi tsit na ɗan lokaci, har ana jin kukan akuya a wajen mahauta. Sai harbi na farko. Wata mata ta ƙwala ihu: "Sun zo! Ku gudu!"

Mutane suka watse ta kowace kusurwa. Aka ture ni na faɗi. Na ja jiki na shiga magudanar ruwa ta siminti da ta ratsa ƙarƙashin hanya. Daga bakinta ina ganin filin kasuwa da ofishin jandarma.

Tara da minti hamsin motar ta shigo. Na gane ta tun kafin ta juyo, da yadda kafaɗarta ta karkata. Sun shafe ta da laka. A kan zoben nan nawa an kafa bindiga mai jigida, wani mai rawani yana juya ta da hannu ɗaya. Zoben yana juyawa sumul, ko ƙara babu. Ni na shafa masa man da kaina.

Jandarmomin ba su gudu ba, wannan in faɗa musu. Suka kwanta bayan buhunan yashi suka buɗe wuta. Ina jin harsashi yana dukan ƙarfe, tan, tan, tan, kamar ƙanƙara a kan kwano. Idona yana kan haɗin kusurwar hagu, inda falle biyu suka gamu. Nan ne wurin da ya fi rauni. Ina kwance cikin ruwan ƙazanta ina roƙon Allah: ka tsaga shi, ya Ubangiji, ka tsaga shi. Bai tsage ba. Ko tsatsa bai zubar ba. Ƙarfe goma da minti biyar babu sauran mai harbi a bayan buhunan.

Motar ta tsaya gaban rumfata. Ƙofa ta buɗe. Alhaji Garba ya sauko da farar hularsa, ya tattare riga don kada ta taɓa jini. Ya leƙa rumfar. Tsakanina da shi bai kai taku talatin ba.

"Mai waldar! Ku kawo shi da rai!"

Suka birkice rumfar, suka ɗauke injin. Alhaji ya sake ɗaga murya.

"Gidansa! Mai koriyar ƙofa!"

Babura huɗu suka nufi unguwarmu. Ni kuwa ban motsa ba. Ku rubuta wannan ma. Ni ake nema, da na fito na ɗaga hannu da ba su je gidan ba. Ƙafafuna suka ƙi. Na cusa fuska cikin laka ina jin agogon hannuna yana bugawa a kunnena. Goma da minti ashirin na ji harbi daga wajen gidanmu. Uku. Biyu a jere, ɗaya daga baya.

Ƙarfe sha ɗaya suka koma arewacin gari wajen rumbunan tattasai. Hayaƙin ya taso, mai shaƙe mutum, kowa yana tari, har su. Cikin hayaƙin na fito da gudu.

Ƙofar tana nan, ba ta karye ba. Ta katanga suka hau, ni ma ta nan na shiga. Dije tana zaune a jingine da ƙofar daga ciki, hannunta a kan sakata. Na kira ta sau ɗaya. Na rufe mata ido, na ja zanen da ke kan igiya na lulluɓe ta. Ban yi mata wanka ba, ban yi mata sallah ba. Na ji nishi a bayan randa. Rabi ce. Harsashin ya shiga ta gefen cikinta. Na yage rigata na ɗaure wurin, na goya ta da zanen uwarta na biyu.

Ta cikin gonakin tattasai muka bi, a sunkuye. Sha biyu da rabi muka kai kogi. Mutane sun taru a mashiga, ana ture juna. Wani dattijo ya ɗaga sanda: "Mata da yara gaba! Kai, koma baya!" Ya ga abin da ke bayana ya matsa mini. Ruwan ya kai ƙirji. Na mayar da Rabi kan wuyana. Jininta yana bin bayana, da ɗumi, ruwan kuma da sanyi.

Muka yi ta tafiya yamma, mu kusan ashirin. Bayan la'asar muka ji babura daga nesa, muka kwanta cikin ciyawa rabin awa. Rabi ba ta yi kuka ba. Ta nemi ruwa, ta tambaya ko Inna tana gaba. Na ce tana gaba.

Washegari da hantsi jikinta ya yi zafi. Ta daina neman ruwa. Ta fara magana da ƙawarta wadda ba ta wurin, suna gardama a kan wasan 'yar gala-gala. Ƙarfe biyu da kwata na ji nauyinta ya sake a bayana. Na ci gaba da tafiya. Na yi wajen awa ɗaya a haka, sai wata mata ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam, sauke ta." Maza uku da ban san sunansu ba suka taya ni haƙa, da fasasshen kwano da hannu. Muka yi mata sallah a tsaye, da sauri.

Sauran tafiyar ba zan daɗe a kanta ba. Sansani, wata biyar. Agadas. Libiya, inda na yi wa wani Balarabe walda shekara guda. Teku. Duk inda na kwana sunan mutum ɗaya nake tashi da shi. Da aka yi mini tambayoyi don takardun zama na faɗi sunan, na faɗi abin da ya yi. Aka rubuta. Aka ce sai da shaida. Shaiduna suna ƙarƙashin ƙasa.

A Lyon na samu ɗaki a unguwar Guillotière da aiki a wata ƙaramar masana'antar ƙarfe. A shekara ta biyu mai wurin ya tura ni wani rumbu a bayan gari, wajen wasu tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa masu tara tsofaffin injuna suna gyarawa don masu kallo. Shugabansu Mushe Rene, wato Malam Rene, tsohon direban jirgi, ya kusa tamanin. Ya ja mini ƙofar rumbun, ya kunna fitila.

Na tsaya. Abu ne a kan layin dogo, tsawonsa kamar kamiyo, babbar motar kaya, an rufe shi ruf da ƙarfe. Fallayen a karkace. Tsaga a gaba, faɗin yatsa uku. A sama zobe, inda igwa take zama da. Na dafa bango. Mushe Rene ya ɗauka sha'awa ce, yana ta murmushi.

Sati shida na yi a kansa. Lokacin cin abincin rana tsohon yakan buɗe wata jaka ya karanta mini tarihin taragon, yana fassarawa da Faransanci mai sauƙi. A Jamus aka ƙera shi, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da injinsa a ciki, ba ya jiran wani ya ja shi, kuma gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa. Aka fara tura shi gabas, ƙasar dusar ƙanƙara. Aikinsa ya shiga gaban jiragen kaya ya duba hanya. Duk inda aka tarar an kwance dogo, sai ya gangara zuwa ƙauyen da ya fi kusa ya tsaya. Takardun suna faɗin man da ya sha da harsashin da ya ƙare. Ba sa faɗin mutane. Na ce wa Mushe Rene ba sai an faɗa mini ba, na san yadda ake ji in abin nan ya tsaya a bakin gari.

Hunturu biyu ya yi yana wannan. Sai ya taka nakiya, ta huda masa gefen hagu, ta jefar da shi daga kan dogo. Aka ɗago shi, aka dawo da shi yamma, aka kai shi wata ma'aikata a nan Faransa, inda ma'aikatan ƙasar ke aiki da sojan Jamus a kansu. Suka yi masa faci da sabon falle. Aka duba, aka sa hannu, aka mayar da shi aiki a hanyoyin kan duwatsu, yana farautar masu turjiya. A bazarar ƙarshe ta yaƙin aka tare shi a wani matsatsin wuri. Ƙaramin makami aka harba masa, wanda bai isa ya yi masa komai ba. Amma facin ya ɓare, wuta ta shiga. Bayan yaƙi wani mai gwangwan ya saye shi, ya yi shekaru yana kiwon kaji a ciki.

Rabin facin yana nan manne. An ce in daidaita shi. Na goge fenti da tsatsa, waldar ta fito. Kai, kyakkyawa! Layi ɗaya santal, kamar kitson amarya. Na ɗauki guduma na ƙwanƙwasa don al'ada. Ƙarar ta mutu a wurin. Na sake. Na kawo injin yanka na buɗe tsawon taƙi ɗaya.

Babu na gindi. Babu na ciko. Guntayen sandar walda ne aka cusa cikin haɗin, da ƙusoshi, da wani noti, aka bi samansu da rufi mai kyau. Na bi layin har ƙarshe, ko'ina haka. Ba kuskure ba ne. Mai hannun da ya iya wancan rufin ya san abin da yake yi. Da soja a bayansa, da bindiga, ya zauna ya yi musu wannan, ya miƙa, aka ce madalla.

Na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye ya zo. Rabona da dariya tun Tudun Aduwa. Bayan dariyar sai baƙin ciki, wanda ya fi na kullum. Ga wani mai walda irina, an tsare shi da bindiga, ya san abin yi. Ni babu wanda ya tsare ni. Kwana goma sha tara ina da damar nan a hannuna, ban ko yi tunaninta ba. Mushe Rene ya juya notin a tafinsa ya daɗe. Ya ce cikin waɗanda suka ƙone a ranar har da wani ma'aikacin dogo Bafaranshe da aka tilasta ya nuna musu hanya. Na ɗaga kafaɗa. Na tara guntayen nan na zuba a aljihu.

Bayan sati biyu Lawali ya kira ni. Ɗan Maraɗi ne, mai gyaran waya a unguwar Barbès ta Paris, tare muka hau teku. Bai san labarina duka ba. Muka gaisa a gajarce.

"Isuhu, ga aiki. Wani Alhaji ɗan gabas ya buɗe shagon kayan abinci a nan unguwar Goutte d'Or. Yana son benen ƙarfe a ciki, na jibga buhuna. Ya ce mai walda na gida yake so."

"Wane Alhaji?"

"Alhaji Garba. Mutumin kirki wallahi, shi ma gudun hijira ya yi."

Na ce ya turo hoto. Shi ne. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Ashe mutanen dajin da suka afka mana tare sun juya masa baya daga ƙarshe, ya tattara ya gudo, ya shiga layin neman mafaka ɗaya da mu. Ɗan banza! Na ce wa Lawali zan zo, amma ya ce masa sunana Sani.

Ranar Juma'a na hau jirgin ƙarfe bakwai. Tara da 'yan mintuna ina Paris. Alhaji ba ya zuwa shago ranar Juma'a, sauran ranaku ma sai bayan la'asar. Mai tsaron shagon ya nuna mini komai. Na tambaye shi inda Alhaji yake zama, wai don in bar masa sarari. Ya nuna kujera mai laushi a jikin bangon ciki, kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Daidai ƙarƙashin inda buhunan shinkafa za su hau.

Na kafa ginshiƙai. Na ɗora gindin benen. Haɗi huɗu ke riƙe da ɓangaren da ke kan kujerar. Na sauke hular walda a fuskata, na fito da guntayen taragon daga aljihu, na ƙara da nawa. Na yi yadda ɗan'uwana na wancan zamani ya yi. Rufin da na bi a kai ban taɓa yin mai kyansa ba. Kowane minti kaɗan jirgin metiro yana wucewa ta gadar Barbès, ƙasa tana ɗan rawa. Na lissafa a raina: nauyi, da rawar nan, wata biyu ko uku. Ƙarfe biyar na tashi. Zuciyata fari ƙal, na ci tuwo kwano biyu a gidan Lawali.

Asabar ƙarfe takwas da rabi na dawo don in ƙarasa matakala in yi fenti. Na tarar da mata uku a ciki. Sun ja benci sun ajiye gefen kujerar, daidai ƙarƙashin haɗin nan huɗu. Masu sharar ofisoshi ne, sun tashi daga aikin asuba. Babbarsu, wata Hajiya 'yar Cadi, ta cire takalma ta miƙe ƙafafu wajen ɗumi. Ƙafafun sun kumbura, sawun safa ya nutse a ciki.

"Sannu da aiki, ɗana. Kai ne mai benen? Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Na ce, "Hajiya, ku matsar da bencin nan. Ku koma bakin ƙofa."

Ta yi dariya. "Bakin ƙofa, cikin iska? Kullum nan muke hutawa kafin mu kama metiro. Alhaji ma ya yi magana ya gaji. Yi aikinka, ba za mu hana ka ba."

Wallahi na ji haushinsu. Na ji kamar in ɗauke su da bencin in jefa titi. Shekara biyar ina jiran wannan, ga wasu tsofaffi sun zo sun zauna mini a kai suna cin biredi. Na ce a raina ai da yamma ne zai faɗo. Na ce a raina wa ya gaya maka? Metiro ya wuce, ƙarfen ya yi 'yar ƙara a saman kawunansu, ba su ko ɗaga ido ba. Sai maganar Mushe Rene ta dawo mini, ta ma'aikacin nan da ya ƙone tare da su. Na tsaya riƙe da gwangwanin fenti minti goma.

Ƙarfe tara da kwata suka tafi. Na jona injin yanka.

Ba tausayi ba ne, kada wani ya yaba mini. Ina yanka ina zagi. Na zagi Alhaji, na zagi matan, na zagi Malam Ado a kabarinsa, Allah ya yafe mini wannan. Guntayen suka zubo ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na goge haɗin huɗu har suka yi fari. Na gindi. Na ciko. Na rufi. Na ƙwanƙwasa da guduma, ƙarar ta tashi tsaf har bakin titi. Benen nan zai ɗauki kamiyo guda na shinkafa. Jikokin Alhaji ma za su gaje shi.

Huɗu da rabi ya shigo. Na ji muryar kafin in gan shi, yana gaisawa da mutane a ƙofa. Shagon cike, ranar Asabar ce. Ina kan matakala, hular tana fuskata, guduma a hannun dama. Ya zo ƙarƙashina ya ɗaga kai yana shafa ginshiƙi.

"Madalla! Wannan aiki ne. Mutum ɗaya na taɓa sani mai hannu irin wannan."

Na sauko. Taku biyu tsakaninmu. Ina kallon jijiyar da ke gefen goshinsa, ƙarƙashin hula. Na san nauyin gudumar, na san inda za ta sauka. Na ɗage hular walda.

Ya gane ni. Na ga launin fuskarsa ya sake. Ya dubi gudumar, ya dubi mutanen da ke kallo. Sai ya miƙo hannu biyu, kamar a ƙofar masallaci.

"Isuhu! Ashe kana nan? Ina gajiya? Ina iyali?"

Na ce, "Lafiya lau."

Bakina ne ya faɗa. Tun ina yaro haka ake amsawa, ya fita kafin in kama shi. Na ji shi da kunnena, a gaban mutane, a gaban mutumin nan. Lafiya lau. Ya ce madalla, ya juya da sauri ya shige bayan kanta. Na ajiye gudumar a kan matakala, na fita, ban ɗauki ko jakar kayan aikina ba. Lawali, da ya zo ganin aikin, yana kirana a baya, ban waiwaya ba.

Ban yafe ba. Kada wanda ya karanta wannan ya zo mini da wa'azi. Yana nan a shagonsa, kun san titin, kun san kujerar. Ku da kuke ba shi hannu a sahun gaba, yanzu kun ji. Allah ya isa tsakanina da shi, kuma in na sake samun hanyar da ba za ta bi ta kan wani ba, zan bi ta.

Na hau jirgin ƙarfe shida zuwa Lyon. Na zauna gefen taga. Amsar da ya kamata in ba shi na ba wa gilashi, a hankali, don kada na kusa da ni ya ji.

Dije, shekara ashirin da takwas, a bayan ƙofa. Ban san wanda ya binne ta ba. Rabi, shekara tara, yamma da kogi, tafiyar yini da rabi, kusa da wata busasshiyar rijiya. Na ukun bai zo duniya ba, amma ni ina lissafa shi. Mun yi da Dije in namiji ne a sa masa sunan mahaifina. In mace ce, ta ce ita za ta zaɓa, ta riga ta zaɓa ma, sai ranar suna zan ji. Ba ta gaya mini ba.